Inji a Bakin Titi, Sana'a a Ƙarshen Lungu

Injin da aka ƙera a ƙasar Sin ko Indiya yakan shafe makonni a kan teku kafin ya sauka a tashar Apapa. Daga can tirela ta ɗauko shi, ta ratsa Ibadan da Ilori, ta haye Kogin Kwara a Jebba, ta biyo ta Kaduna da Zariya, tafiyar da ta kai kilomita 1,000, har ta shigo Kano. A kowane zango akwai wanda ya san aikinsa, akwai ƙugiyar ɗaga kaya, akwai takarda, akwai wanda za a tuhuma in kaya ya lalace. Amma sai ka tarar da injin nan ajiye a bakin titi a Kurna ko Ɗorayi, an lulluɓe shi da tamfol, an ɗauki mai gadi yana kwana a gefensa, alhali tsakaninsa da ɗakin da aka share masa bai wuce taku hamsin ba. Direba ya leƙa lungun ya ce motarsa ba za ta shiga ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya sauke kaya, ya karɓi cikon kuɗinsa, ya kama gabansa.

Masu irin wannan inji ba su ne masu masana'antun Sharaɗa da Bompai da Calawa ba. Kafinta ne da ya gaji da kai katako kasuwa a tsaga masa, ya tara kuɗi ya sayi nasa injin. Makaniki ne da ya samu tsohon injin sassaƙa ƙarfe a Ƙofar Ruwa ko a Panteka ta Kaduna. Mai buga bulo ne, mai ƙanƙara ne, mai buga katin biki da kalanda ne. Sau da yawa ma matar aure ce da ta haɗa kuɗin adashi da ɗan abin da ta samu na gado, ta sayi injin niƙa ko na matse gyaɗa, don ta yi sana'arta a cikin gidanta. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, SMEDAN, a 2017 ya ƙirga ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 41 a Nijeriya, kuma fiye da kashi 99 cikin 100 'yan ƙanana ne ƙwarai, waɗanda ma'aikatansu ba su kai goma ba. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a kan inji ba shi da sauran kuɗin kama shago a bakin babban titi. Soron gidansu ne masana'antarsa, ko wani ɗaki da aka fasa wa ƙofa ta waje.

Abin da nake son faɗa a nan shi ne, wannan taku hamsin ɗin ba ƙaddara ce ta sauko daga sama ba. Mu muka matse hanyar da hannunmu, kuma har gobe muna ƙara matse ta. Mai injin yana da nasa laifin in ya saya bai auna ba, amma babban laifin yana wuyan wanda ya yanka filaye bai bar hanya ba, da wanda ya zo gini ya ciji ɗan abin da aka bari. Wanda yake biyan kuɗin wannan ganganci da ƙashin bayansa kuwa shi ne ɗan dako, wanda bai sayar da fili ba, bai yi gini ba, bai sayi inji ba.

Cikin birni yana da uzurinsa. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen ƙarni na 12, kasuwar Kurmi kuwa Muhammadu Rumfa ya kafa ta a ƙarni na 15. Lungunan Yakasai da Zango da Koki da Dala an fitar da su ne don mai tafiya a ƙasa, da jaki da mangalarsa, da raƙumi da kayansa. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, mota kuwa sai daga baya ta zama abin gani kullum. Ba mai hankalin da zai zargi mutanen da don ba su bar wa tirela wuri ba. Kuma su ɗin ma ba da ka suke yi ba, suna da ma'auni. A cikin Bukhari da Muslim akwai hukuncin Manzon Allah (SAW) cewa in mutane suka yi jayayya a kan hanya, a bar mata faɗin zira'i bakwai, wato mita 3 da ɗoriya. Masu nazarin tsoffin biranen Musulmi sun ce faɗin nan yana isar raƙuma biyu masu kaya su gifta juna. Malamanmu na ƙasar nan ba su bar zancen ba. Alƙalin Gwandu Idris ɗan Khalid, a ƙarni na 19, ya tattara wa alƙalai hukunce-hukuncen rigingimun da suka fi zuwa gabansu, har da na hanya da katanga da magudanar ruwa.

To, a duba wannan da kyau. Motar Kanta, wadda ita ce ke jigilar yawancin irin waɗannan injina a cikin gari, faɗinta bai wuce mita 2 da 'yan kai ba. Ashe da an bar wa kowane layi zira'i bakwai ɗin nan da aka ambata tun shekaru sama da 1,400, da Kanta ta shiga har ƙofar gida ta sauke kaya. Unguwannin da suka kasa cika wannan ma'auni a yau, yawancinsu ba na zamanin Rumfa ba ne. Na jiya-jiyan nan ne, waɗanda aka yanka a gonakin bayan gari lokacin da mota ta riga ta cika ko'ina.

Kowa ya san yadda awon igiya yake. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kakkafa turaku. A wurin dillali duk taƙin da aka bar wa hanya kuɗi ne aka zubar, saboda haka sai a bar mata ɗan abin da ba za a ce babu ba. Wanda ya saya, in ya zo aza harsashi, sai ya matso da ƙafa ɗaya. Na gabansa ya ga haka, shi ma ya matso. Bayan an tare, wannan ya yi dakali, wancan ya fito da matattakala, wani ya haƙa masai a kan hanya ya rufe da murfin kankare, wani ya fitar da ɗan shago. Lambatu ya bi ta tsakiya, turken lantarki ya tsaya a daidai kwana, wayoyi suna reto ƙasa-ƙasa. Ba a shekara goma sai hanyar da aka bari don mota ta koma ta babur. Kowannensu yana ganin ɗan kaɗan ya ci. Ranar da ɗansa ya sayo inji, ko gobara ta tashi motar kashe wuta ta tsaya cak a bakin titi, ko mai naƙuda ta buƙaci mota cikin dare, ranar ce ake gane yawan abin da aka ci.

Kuma ba doka ce babu ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, akwai dokar tsara birane ta 1992, a Kano kuma akwai KNUPDA da aka ɗora wa amincewa da taswirar fili da ta gini. Amma birnin ya fi ma'aikata saurin tafiya. Kafin a zo da jan fenti, an riga an yi rufi, an tare, an yi suna.

Na taɓa tsayawa na kalli yadda aka shigar da injin sassaƙa ƙarfe cikin irin wannan lungu a arewacin Kano, kuma abin da na gani ya ƙara mini girmama 'yan dako. Mai injin wani saurayi ne makaniki, bai daɗe da samun 'yanci daga maigidansa ba. Ya tara abokansa majiya ƙarfi tun da asuba, yana ganin yawa zai yi maganin abin. Shugaban 'yan dakon da aka ɗauko daga kasuwa dattijo ne mai furfura, siriri, bai yi kama da mai ɗaukar kaya ba. Saurayin ya ce masa, "Baba, ai ga mu nan da yawa, mu taru mu ɗaga kawai." Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Yaro, wannan ba buhun masara ba ne. In ya tashi faɗuwa, mutum ashirin ba sa tare shi. Ku dakata tukuna."

Bai taɓa injin ba sai da ya ɗauki igiya ya auna faɗinsa ya ƙulla, ya auna tsawonsa ya sake ƙullawa, sannan ya bi lungun da ƙafa tun daga bakin titi har soron gidan, yana gwada igiyar a duk inda ya ga matsi. A kwana ya fi daɗewa, domin abin da ya shige miƙaƙƙen lungu ba lalle ne ya iya juyawa ba. Tsawonsa ne ke hana shi. Da ya zo kan wani murfin kankare, ya buga shi da dunduniya ya saurara, ya tambayi mai gidan, "Alhaji, mene ne a ƙarƙashin nan?" Aka ce masai ne. Ya sa aka kawo katakai masu kauri aka gicciya su, yadda bakinsu zai zauna a kan ƙasa mai ƙarfi ta kowane gefe, nauyin bai taɓa murfin ba. Ya roƙi mai unguwa, "Ranka ya daɗe, a taimaka a kore mana yaran nan, a tsare bakin lungu ta can." Sannan ya sa makanikin ya kwance duk abin da ke kwantuwa: moton lantarki, da kan da ke riƙe ƙarfe, da ƙarshen da ke zamewa, aka ɗauke su daban a baro.

Sai aka zo kan gangar jikin. Aka cusa doguwar sandar ƙarfe a ƙarƙashi, aka ɗaga gefe ɗaya kamar yatsa biyu, aka sa katako, aka koma ɗaya gefen aka yi haka, kaɗan-kaɗan, har aka ɗaure injin da noti a kan wasu katakai biyu da suka fi gindinsa faɗi. Aka jera bututun ƙarfe a ƙasa a kan falanki, aka fara turawa. Duk bututun da ya fito ta baya, yaro ɗaya ne ke dawo da shi gaba, kuma da sanda yake gyara masa zama, ba a yarda ya sa hannu ba. Mutum biyu na riƙe da igiya ta baya, ɗaya na biye da weji. Murya ɗaya ce ake ji a lungun, ta dattijon. In ya ce "tsaya", ko mai tari sai ya haɗiye. Aikin da saurayin ya zaci na rabin sa'a ne sai da ya kai su gab da azahar, amma ba wanda ya ƙwarzane, katangar kowa ba ta tsage ba.

Wannan dattijo bai shiga ajin kimiyya ba, amma duk abin da ya yi yana da dalili, kuma ya kamata duk mai shirin sayen inji ya san dalilan. Injin sassaƙa ƙarfe, da injin huda, da yawancin injinan kafinta, nauyinsu a sama yake, gindinsu kuwa siriri ne. Da wuya su faɗi ta tsawo. Ta gefe suke kifewa, kuma ƙiftawar ido ta ishe su. Shi ya sa ake tura su ta tsawonsu, ake faɗaɗa musu gindi da katako, kuma ba a barin kowa ya tsaya a gefensu ko ta ƙasan gangara. Shi ya sa ba a ɗaga su sama da abin da ake buƙata: abin da ya faɗo daga tsayin yatsa biyu ƙara kawai zai yi, wanda ya faɗo daga kafaɗa kuwa sai dai a yi salati. Ba a ɗaure igiya a jikin hannuwa da sandunan da ke juyawa, domin da zarar sun lanƙwashe injin ya daina yin aiki daidai, ko da fentinsa na nan yana sheƙi. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, sai an sa katako ko tsohuwar taya a tsakani.

Saukowa daga mota ita ce ta fi kowane mataki haɗari, kuma lissafinta ba wuya. A ce bayan mota tsayinsa mita 1 ne, aka jingina masa katakai masu tsawon mita 3. Injin da aka ɗora a kan bututu zai riƙa fizgar igiya da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. In kilo 900 ne, to kilo 300 ke jan masu igiya, nauyin buhun siminti 6 ke nan, kuma ba ya gajiya, su kuwa suna gajiya. In aka ninka tsawon gangarar ta zama mita 6, fizgar ta koma kilo 150. Shi ya sa masu dabara ke neman tudu ko dakali mai ƙarfi motar ta jingina da baya, ko su ɗaure sarƙar jan kaya a jikin motar su riƙa sassautawa daki-daki. Wanda ya ce a turo shi kawai ya faɗo a kan tsofaffin tayoyi, ya sani cewa gangar jikin irin waɗannan injina zubin ƙarfe ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. Ko tsohon injin Lista mai silinda ɗaya da muka saba gani wurin masu niƙa ya haura kilo 300, kuma kaso mai yawa na nauyin yana cikin manyan ƙafafun nan biyu da ke juyawa a gefensa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tef ɗin awo ya kamata ya riga kuɗi fita daga aljihu. A auna inda lungu ya fi matsewa, ba inda ya fi faɗi ba; a auna kwana, da tsayin wayar lantarki, da ƙofar soro, da tudun da ke bakinta. A tambayi mai sayarwa nauyin injin da girman akwatinsa, domin akwatin ya fi injin girma. In za a zuba masa mazauni na kankare, a zuba tun da wuri, saboda kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. In da hali a kauce wa Yuli da Agusta, lokacin da ƙasa ke lumawa kuma katangar ƙasa ta sha ruwa. A ɗauki hoton kowace waya da kowane noti da wayar hannu kafin a kwance. In ya zama dole a fasa katanga, gara a fasa ta da niyya a sake ginawa, da a bari injin ya fasa ta da kansa.

Sai maganar yarjejeniya, wadda mu Hausawa muke jin nauyinta har ta zama mana rigima. "Zan kai maka har gida" magana ce mai fuska uku. Wajen direba, gida shi ne inda taya ta tsaya. Wajen mai saye, gida shi ne cikin ɗaki a kan mazauni. Wajen mai sayarwa kuwa, da kaya ya bar ƙofar shagonsa ya fita daga hannunsa. A zauna tun kafin a biya, a faɗa ƙarara a gaban shaidu, a rubuta: ina za a sauke, wa zai kawo masu saukewa, wa zai biya ƙaramar mota ko 'yar kurkura in babbar ta kasa shiga, wa ke da asara in ya faɗi tsakanin titi da ƙofa. Kowane sauke-ɗora kuɗi ne kuma haɗari ne. Wanda bai sa wannan cikin farashin inji ba, bai san nawa ya saya ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muke yi wa 'yan dako. Mutum ya biya miliyoyi a kan inji bai yi ƙorafi ba, sai ya zo kan waɗanda za su sa jikinsu a ƙarƙashinsa ya tsaya yana ciniki kamar zai yi kuka. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada nauyin da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai ya wuce kilo 55. A Dawanau kullum ana saɓa buhu mai kilo 100 a hau da shi bayan mota. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, amma ɗan dakon da aka kira daga bakin kasuwa ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba shi da rajista a ko'ina. In bututu ya murƙushe masa yatsu, ko ƙaba ta fito masa, ko bayansa ya riƙe, abin da zai samu shi ne "sannu, Allah ya kiyaye gaba" da ɗan kuɗin mai ɗori. In abin ya yi tsanani a kai shi asibitin ƙashi na Dala, 'yan uwansa su shiga neman taimako. Injin kuwa ya ci gaba da aiki shekara ashirin yana ciyar da gidan wani. Wannan ba adalci ba ne. Wanda zai ɗauki 'yan dako ya biya su kuɗin gwaninta, ba na ƙarfi kawai ba. Ya yarda tun farko, a gaban shugabansu, cewa maganin duk wanda ya ji rauni a wuyansa yake. Kuma in shugaban ya ce ba za a yi yau ba sai an samo ƙarin katako, ya haƙura. Gaggawar mai kaya ita ce ta fi karya ɗan dako.

Na san akwai masu cewa tun farko me ya kai inji cikin unguwa? Wurin zama daban, wurin sana'a daban. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Akwai injin da ko hanya ta kai faɗin titin Zariya bai kamata ya kwana kusa da ɗakin jariri ba. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan. Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14 wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya bayyana yadda ake gwada ko maniƙar da dabba ke juyawa tana cutar da katangar maƙwabci. A ɗaure takarda da zare huɗu a rataye ta a rufin da ke kan katangar, a zuba mata busassun ƙwayoyin kusbara, ƙanana ne mulmulallu, sannan a ce mai maniƙa ya juya. In ƙwayoyin suka motsa, cuta ta tabbata, sai ya ɗauke ko ya matsar. Shekaru 700 ke nan, kuma har yanzu ma'auni ne mai kyau. Mai injin da ke girgiza katangar maƙwabci, ko mai tayar da janareta hayaƙi na shiga tagar mutane, ko mai jona injin da ke buƙatar wuta mai layi uku a kan taransifomar da unguwa ta yi karo-karo ta gyara, ba shi da hujjar cewa neman halal yake yi. Haƙƙin maƙwabci yana gaba da ribarsa. Ya nisanta mazaunin injin daga katanga, ya sa masa roba a ƙasa, ya tsayar da lokacin aiki, ya shaida wa maƙwabta tun kafin mota ta iso, ba su wayi gari su ga an toshe musu hanyar masallaci ba.

Sai dai wannan hujja ba ta wanke masu cin hanya. Mai niƙa da mai markaɗe dole su zauna kusa da masu kawo niƙa. Yarinyar da aka aika da roba ba za ta je Calawa ba. Kafinta da mai walda a cikin jama'a suke samun aiki. Tun asali ma haka garuruwanmu suke, sunayen unguwanni irin su Soron Ɗinki da Dukawa da Maƙera shaida ne cewa sana'a da zama tare suka taso. Wanda yake son manyan injina su fita daga unguwa, sai ya tanadar wa ƙananan masu sana'a wuri mai hanya da wuta da hayar da za su iya biya. Kafin nan, matsattsen lungu ba ya hana inji shiga. Shiga yake yi ko ta halin ƙaƙa, sai dai a kan wuyan mutane maimakon a kan taya.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin matso da teku kusa. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Zawaciki kuma a 2023, don kwantena ta iso Arewa kafin a buɗe ta. Abu ne mai kyau. Amma tsakanin Zawaciki da soron makanikin nan babu abin da ya canza. A nan nake ganin wata sana'a da matasanmu suka bari a ƙasa. Sarƙar ɗaga kaya mai ƙugiya, da ƙafafu uku na ƙarfe da ake rataya ta, da jak biyu, da ƙaramar kura mai ƙananan tayoyin ƙarfe, da falankai da bututu da igiyoyi masu kyau, duk 'yar kurkura ɗaya za ta kwashe su, kuma masu waldarmu za su iya ƙera rabinsu. Matasa biyar da suka haɗa wannan kaya, suka zauna a ƙarƙashin dattijo irin wanda na gani suka koyi aikin, ba za su rasa abin yi ba a garin da kullum ake sayen janareta da injin niƙa da tankin ruwa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar da ke sayar da injinan su ya fi kamata su fara sayen kayan, su riƙa ba 'yan dakonsu haya. Masu rabon kayan tallafin sana'a su ma su tuna da wannan, ba kullum keken ɗinki da baro ba.

Lungunan da aka riga aka gina, sai dai a lallaɓa: a rufe lambatu da murfi mai rodi wanda zai ɗauki nauyi, a ɗaga wayoyin da suka sauko, a hana sabon dakali da sabon masai a kan hanya. Ba na kiran a shiga rusa gidajen talakawa. Amma gonakin da ake yankawa yau a Kumbotso da Ungogo da Gezawa da Dawakin Kudu, waɗannan ba su da uzuri ko kaɗan, kuma nan da shekara goma su ne unguwannin da 'ya'yanmu za su kafa sana'a. Ma'aunin hukuma na hanyar unguwa ya fi zira'i bakwai nesa ba kusa ba, shi ya kamata a bi. KNUPDA ta riga magina isa wurin, tun ana kafa turaku. Mai sayen fili ya tambayi faɗin hanya kafin ya tambayi farashi, ya kuma tsaya a kan iyakarsa ranar aza harsashi.

Iyayenmu masu unguwanni da dagatai, Allah ya ƙara muku lafiya, kusan duk cinikin filin awon igiya sai ya biyo ta gabanku kafin ya tabbata. Duk takardar da aka kawo muku, ku aika da tef a auna hanyar tukuna. In Kanta ba za ta shiga ta sauke kaya ta fito ba, ku mayar wa dillali takardarsa, kada ku sa hannu.